Naman Hanjin Goggo Hansai

Aikin farko da Goggo Hansai ta ba ni shi ne wankin hanji, kuma sai da na shekara guda ina yinsa kafin ta bar ni na taɓa nama. Ina da shekara goma sha uku lokacin. Ranar kasuwar Batsari mahauta kan aiko mana da hanjin rago a bokiti har gidanmu a Safana, ni kuma in zauna bayan ɗaki in warware shi a hankali kamar zaren da ya harɗe. A matse abin da ke ciki, a zura kara mai santsi a juya cikinsa waje, a kankare da bayan cokali, a wanke da gishiri, a sake wankewa da ruwan tsamiya, har sai ya yi fari ana hango yatsa ta cikinsa. Daga nan sai in kama baki ɗaya in hura. Idan ya kumbura ya tsaya, ya yi. Idan na ji iska tana tsiyaya a kumatuna, to na huda shi, Goggo kuma za ta ɗaga wurin sama ta nuna wa duk wanda ke tsakar gida.

"Ku ga aikin Malama Saratu," in ji ta. "Hannu na cikin bokiti, ido na wurin gajimare."

Na fara da wannan ne saboda ku, ƙannena, da kuke zuwa kuna cewa in koya muku a hutun nan. Kun gan ni zaune a inuwa ina ɗaure nama da zare, hayaƙi yana tashi a hankali, kun ce sana'ar ba ta da wahala. Ɗaurin da kuka gani shi ne ƙarshen aiki, kuma shi ya fi kowane sauƙi.

Abin da muke yi ba shi da wani suna a kasuwa. Masu saye naman hanji kawai suke cewa. Naman gada ne ko na barewa, a daka shi da kitsen rago da busasshiyar ɗinya da kayan yaji, a ɗura a hanji, a ba shi hayaƙi kwana uku. Goggo ƙanwar mahaifina ce. Mijinta marigayi maharbi ne, a wurin uwarsa ta ga ana yi don kada naman farauta ya lalace, ita kuma ta mayar da shi abin sayarwa. Na tafi kwaleji na karanta abin da na karanta, na dawo na tarar da turmin yana nan inda na bar shi, sai na ɗaura zani na koma kansa.

Fiɗar jijiya ita ce aiki na biyu. Naman daji ba kamar na gida ba ne. Dabbar da ta yi rayuwarta tana gudu, jikinta duk igiya ne, ba kitse ko na shafawa a leɓe. Akwai wata farar fata siririya da ke lulluɓe da tsoka, mai sheƙi kamar ruwan tafki da safe. Idan kika bar ta, ba ta dakuwa, ba ta taunuwa, sai mutum ya yi ta jan ta daga haƙorinsa yana tuna sunanki. Da ƙaramar wuƙa ake bin ta, wadda wasawa ta cinye har ta koma kamar ganyen gero. Wuƙar Goggo ce, har yau da ita nake aiki. Na sayi sababbi biyu, suna nan a kwano suna yankan albasa.

Saboda rashin kitsen ne ake haɗawa da na rago, kashi ɗaya a kan uku na nama. Idan ya yi kaɗan, abin zai fito a bushe kamar dusa. Idan ya yi yawa, sai ya narke a kan wuta ya bar miki hanji a yamutse. Sai gishiri, citta, masoro, kanumfari, ɗan kimba, barkono kaɗan. Sai ɗinya.

Ɗinya ita ce abin da ya raba namu da na kowa. Da kaka, idan ta nuna ta yi baƙi, matan Zakka kan kawo mana ita a kwando, hannuwansu duk sun rine. Ba a shanya ta a rana tsaka, a inuwa ake baza ta a kan tabarma ana juyawa, har ta yanƙwane ba tare da ta ƙone ba. Sai a murje naman daga ƙwallon, a zuba a tulu a toshe baki. Abin da kika tara da kaka shi ne naki har wata kakar, ba a samunta a shago. Ita ke kashe ƙarnin daji, ta bar wani zaƙi can ƙasa wanda ba ya fitowa sai an kusa haɗiyewa. Wata shekara na yi gaggawa na zuba wadda ba ta gama bushewa ba. Kwana biyar naman ya yi fari da funfuna, duk da hayaƙin da ya sha.

Ɗurin kuma da mazurari ake yi, namu wuyan gora ne da aka yanke aka goge. Ki sa bakin hanji a jikinsa, ki riƙa turawa da babban yatsa, ɗaya hannun yana lallaɓa naman yana sauka. Kada ya cika tam, don zai fashe a kan wuta. Kada ya yi sako-sako, don iska za ta kwana a ciki. Inda kika ga kumfar iska, ki soke ta da ƙayar aduwa. Allura tana barin tsatsa. Sannan ki ɗaure taƙi-taƙi da zaren kaba, ki rataye a sanda saman garwashin ƙirya. Kada ki kuskura ki sa itacen dogonyaro, ɗacinsa ba ya fita. Wutar da ake so ita ce mai gyangyaɗi, wadda za ki iya miƙa hannu a inda naman yake ki karanta Fatiha ba ki janye ba.

Duk wannan ana koyonsa da hannu, kuma zan koya muku. Sayen nama ne ba ya koyuwa a hutu ɗaya, shi ya sa zan ba ku labarin shekarar da na kusa rasa sana'ar.

Mai kawo mana nama tun ina yarinya Baba Nomau ne, maharbi daga wajen Tsaskiya. Ba ya farauta da damina lokacin da dabbobi ke da ciki, sai an gama girbi. Yakan zo da safe a bayan babur, gadar a cikin buhu, an feɗe ta amma kanta yana jikinta. Goggo takan sa yatsa a wurin yankan kafin ta amsa gaisuwarsa ta biyu.

"Hansai, shekara nawa, har yau ba ki yarda da wuƙata ba?"

"Na yarda da kai, Nomau. Yatsana ne bai san ka ba."

Shekarar da nake faɗa muku, abu biyu suka haɗu. Idon Goggo ya yi hazo har ba ta bambanta jijiya da tsoka, ta ce daga yau aikin nawa ne. Dajin kuma ya gagari shiga, saboda mutanen da kowa ya sani. Baba Nomau ya kwashe iyalinsa ya dawo cikin gari gidan ɗansa, ya jingine bindiga. Tun daga girbi har bazara gada biyu kawai na samu. Masu sayenmu kuwa mafi yawansu malaman makaranta ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma da aka turo daga wasu garuruwa, masu son tsaraba idan za su gida. Sun fara cewa tun da tsohuwar ta daina gani naman ya canza hannu, sai a jira a gani. Wanda suke jira su ji ta bakinsa shi ne Malam Isiyaku, malamin lissafi, wanda ya fi kowa daɗewa yana saye, kuma shi ya kawo mana yawancinsu. Idan ya ce ya yi, ya yi. Idan ya juya baya, ba wanda zai rage.

Saura mako guda a yi hutu ya yi sallama a ƙofar gida. Na fita zaure muka gaisa, ya tambayi jikin Goggo, na tambayi iyali. Sai ya ce mahaifinsa yana kwance, ba ya cin komai sai kunu. Tsohon maharbi ne shi ma a zamaninsa, kuma ya ce ba abin da yake marmari sai naman gada.

"Jumma'a zan tafi, ƙanwata. Ko taƙi biyu ne, ki yi mini."

Na ce in sha Allahu, alhali ko ƙashin gada ba ni da shi a gidan.

Ranar Litinin da hantsi sai ga wani mutum a babur, ban san shi ba, ya ce an ce masa ina neman naman daji. Ya kwance buhu. Cinya biyu, kafaɗa biyu, gadon baya, an riga an sassare. A shekarar nan abin da kowa ke tsoro shi ne a sayar masa da ɗan akuya da sunan gada, an yi wa mutane da yawa. To ni ma can hankalina ya tafi. Na ce ya nuna mini shaida. Ya zaro ƙafar baya ɗaya da ya bari da fatarta da kofatonta. Ɗan siririn kofato mai tsini, gashi toka-toka. Gada ce, ba tantama. Na ji daɗin kaina da na iya bincike, na sallame shi ya tafi.

Na wanke naman, ruwan ya yi ja. Na sake wankewa, ya yi ja. Na uku ma haka. Na ce zafin bazara ne da tafiyar babur. Na fiɗe jijiya, na yayyanka, na zuba a turmi da kitse da yaji, na juye kusan duk ɗinyar da ta rage a tulu, na kama daka.

Goggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Ban yi nisa ba ta ɗaga kai.

"Saratu, mi kike dakawa haka kamar jiƙaƙƙen gero?"

"Gada ce, Goggo. Allah ya kawo."

"Tsaya." Ta saurara kamar taɓaryar tana ci gaba. "Naman gada ba ya wannan kukan. Kawo hannunki."

Na miƙa mata ta shinshina tafin hannuna, ta daɗe. Sannan ta ce wa ya kawo. Na ce wani mutum. Ta ce ɗan gidan wa. Na ce ban tambaya ba, amma na ga kofato, na tabbatar ba akuya ba ce.

"Kin ga ƙafa. Kan fa? Kin ga wurin yanka?"

Na ce ban gani ba.

"Ba ni ƙafar."

Na ɗauko mata. Ta bi ta da yatsu tun daga kofato, a hankali, kamar mai karanta allo. Sama da kofaton kaɗan ta tsaya, ta kama yatsana ta ɗora a wurin. Akwai zobe a cikin fatar, ya zagaye ƙafar, gashin wurin ya tuje, naman ya kumbura.

"Waya ce," in ji ta. "Tarko."

Ku da ba ku san daji ba, ga abin da wannan ke nufi. A shekarar mutane sun daina shiga farauta, sai su ɗana tarkon waya a bakin gonaki. Tsoro kuma ba ya barinsu su duba kullum, sai bayan kwana biyu ko uku. Dabbar da aka tarar da rai, a yanka, halal ce. Wadda ƙishirwa da zafi suka riga kowa, mushe ce, jininta yana cikin jikinta. Goggo ta ce in ɗauko ƙashin cinyar da na ajiye, in tsaga abin da ya rage a jikinsa. Na tsaga. Jijiyar jinin a cike take, baƙi ƙirin, ya daskare kamar maɗi.

Ba zan ɓoye muku abin da na ce ba. Na ce, "Goggo, hayaƙin kwana uku da ɗinya, wa zai gane?"

"Ba kowa."

"To in na yi da rago fa, in yi shiru? Rago ai halal ne."

"Shi ma ba lalle a gane ba." Ta koma kan carbinta. "Sana'ar taki ce yanzu, ɗiyata. Ni idona ya tafi. Amma turmina ne, ki wanke mini shi da ruwan zafi da toka kafin ki yanke shawara."

Na haƙa rami bayan gida na binne naman, da kitsen, da ɗinyar shekara guda. Na wanke turmin har hannuna ya yi fari, na kife shi a rana. Na leƙa tulu, abin da ya rage bai fi cikin tafi ɗaya ba. Na je wurin Baba Nomau ko zai san inda za a samu wata gadar kafin Jumma'a. Ya girgiza kai.

"Ɗiyata, wanga lokaci duk wanda ya kawo miki naman daji a sassare, ki tambaye shi kan. In ya ce ya bar wa yara, ki bar mashi kayanshi."

Washegari na sayi cinyar rago a wurin mahaucin da na sani, na yi aikin yadda ake yi, na rataye taƙi huɗu a kan wuta. Ranar Laraba kuma, lokacin tara, na sa hijabi na tafi makarantar. Na so in same shi shi kaɗai, amma yana zaune gindin bishiya da malamai uku, duk masu sayenmu. Na durƙusa na gaishe su. Na ga idan na ce a keɓe, za su ƙara da nasu. Sai na faɗa a gabansu, tun daga mai babur har ramin bayan gida, na ce abin da ke kan wuta yanzu rago ne.

Wata malama ta toshe baki da gyale. Malam Isiyaku ya cire tabarau ya goge.

"Wato da tsohuwar ba ta ji ba, da mushe zan kai wa mahaifina."

"Haka ne, Malam."

"Shekarun da na yi ina saye a gidanku, ba ta taɓa saɓa mini ba."

"Haka ne."

"Rago kuma ai akwai shi a garinmu." Ya mayar da tabarau. Can ya ce, "Ki aiko da shi. Ba zan je hannu wofi ba."

Hutun nan na mako uku ban sayar da ko taƙi ɗaya ba. Labari ya zaga gari, kuma kamar yadda labari ke yi, rabinsa ne ya zaga. An ji na sayi mushe, ba a ji na binne ba. Wata maƙwabciya ta aiko a tambaye ni ko gaskiya ne har kare muke dakawa. Na ci gaba da karɓar hanji ranar kasuwa ina wankewa, ina sa masa gishiri ina ajiyewa, don hannu kada ya manta. Goggo ba ta ce mini na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta dai riƙa sa ni in kawo mata kowane nama da aka sayo na miya, ta ce in rufe ido in shinshina in faɗi ko na mene ne, da ko yaushe aka yanka.

Ranar da aka koma makaranta, da la'asar, Malam Isiyaku ya yi sallama. Goggo ta ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta dafa kafaɗata muka fita tare. Aka gaisa, aka tambayi mai jiki. Ya ce da sauƙi, har ya fara zama. Sai ya kama murza hularsa a gwiwa.

"Goggo, ni ma na yi abin kunya," in ji shi. "Da na isa na ga yadda ya rame, sai na kasa. Na ce masa, Baba, ga naman gadar da ka ce."

"To?"

"Ya gutsura, ya daɗe yana juya shi a baki. Ya ce ɗinyar kakar bara ce, an shanya ta a inuwa. Ya ce itacen ƙirya ne. Ya ce mai wutar nan tana da haƙuri. Sannan ya dube ni ya ce, Isiyaku, wannan rago ne."

Goggo ta yi 'yar dariya ta hanci.

"Ya ce in gaya masa gaskiya, ni na yi ƙaryar ko mai naman. Na ce ni ne, ita ta faɗa mini, har da abin da ban tambaye ta ba, a gaban mutane. Ya sa na ba shi labarin duka. Ya ci taƙi guda a zaman nan, abin da bai yi ba tun azumi." Malam ya juyo wajena. "Ya ce in gaya miki, idan daji ya buɗe aka samu gada, yana jira. Kafin nan ki riƙa yi masa na rago duk wata. Ya ce kuma daga yanzu ke za ki riƙa rubuta ko naman mene ne a jikin takardar da kike naɗe shi, da hannunki, tunda ɗansa ba abin yarda ba ne."